Hukuncin Mai Karatu a Kan Littattafan Soyayya da Almara da Ban Tsoro

Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba irin hukuncin da mai karatu na yau da kullum yake yanke wa ƙagaggun labaran Hausa na wannan zamani, musamman a rukunoni uku da suka mamaye kasuwar littafi da wayoyin hannu, wato littattafan soyayya, da na almara waɗanda 'yan kasuwa da masu karatu suka fi kira littattafan yaƙi, da kuma labaran ban tsoro. Ƙagaggen labari shi ne rubutun zube wanda marubuci ya ƙirƙiro mutanensa da abubuwan da suka same su, ya tsara su ta yadda za a karanta kamar sun faru. Mai karatu na yau da kullum kuwa shi ne wanda yake karatu don nishaɗi da ɗebe kewa, kamar matar aure da ta gama aikin gida, da ɗalibar sakandare a lokacin hutu, da tela ko mai shago da ke jiran ciniki.

Matsayin da laccar ta ɗauka shi ne, ra'ayin wannan mai karatu nazari ne mai ma'auni, ko da mai shi bai taɓa zama a ajin nazarin adabi ba. Ma'aunin kuwa shi ne alkawari, domin kowane rukuni yana ɗaukar wa mai karatu wani alkawari tun daga bangon littafi: na soyayya ya yi alkawarin adalci ga zuciyar da aka zalunta, na almara ya yi alkawarin wata duniya mai dokokinta, na ban tsoro kuma ya yi alkawarin firgicin da hankali da imani za su iya karɓa. Duk wanda ya bi diddigin yabo da sukan da masu karatu suke yi zai tarar yawancinsu amsa ce ga tambaya guda, wato ko marubuci ya cika alkawarin da ya ɗauka ko ya saɓa.

Tushen rukunonin uku

Babu ɗaya daga cikin rukunonin nan da ya zo wa Bahaushe a matsayin baƙo, domin tun kafin zuwan boko tatsuniya ta saba masa da Dodo mai cin mutane, da 'yar sarkin da ake gasar aurenta, da marainiyar da kishiyar uwa ta tura rafi mai hatsari, sannan hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya da ƙissoshin jaruman Musulunci suka shigo ta hannun malamai. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri sun riga sun ƙunshi rukunonin uku. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin tafiya ne neman ruwan magani har cikin ƙasar aljanu, Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa ya zarce zuwa gwabzawa da aljanu, shi kuwa Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, ya haɗa soyayyar da dukiya ta raba da ɗaukar fansa ta hanyar tsafi, inda Abubakar ya rasa Zainab ga attajiri Malam Shehu, ya shiga daji neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa.

Daga baya Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin sadaukin da ya tashi daga jinya ya zama garkuwar birni, sannan a 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga littattafai uku da suka yi nasara a gasar da ya shirya, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, kuma da su ne soyayya ta fito fili a matsayin jigo, wato babban saƙon da labari yake ɗauke da shi. Sai dai duk waɗannan littattafai hukuma ko kamfani ne ya zaɓe su, alƙalan gasa suka tace wasunsu, makaranta kuma ta kai su hannun ɗalibai, saboda haka mai karatu bai da ta cewa a kan abin da za a buga.

Yadda mai karatu ya karɓi ragama

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976, ya samar da ɗimbin matasa maza da mata masu iya karanta Hausar boko, sannan tsukewar tattalin arziki ta shekarun 1980 ta karya ƙarfin kamfanonin ɗab'i, har ya zama ga masu karatu birjik amma babu mai buga musu abin karantawa. Matasan marubuta suka cike giɓin da kansu, suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a 1984, yana cikin na farko-farko, sannan Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka mayar da Kano cibiyar wannan harka.

A wannan tsari littafi yakan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma idan na ɗaya ya kwanta a shago to da wuya na biyu ya ga maɗaba'a. Masu ba da hayar littafi a unguwanni su ne suka fi kowa sanin abin da ake so, domin littafin da ya karɓu shi ne wanda bangonsa ya yage, aka ɗinke shi da zare ko aka manne shi da salatif, yana yawo daga gida zuwa gida ta hannun yaran da ake aike. Marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, masu karatu su rubuto wasiƙun yabo da gyara da neman shawara. Ta haka hukunci ya tashi daga teburin alƙalan gasa ya koma hannun wanda ya biya kuɗinsa.

Masana ba su bar abin ya wuce shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, ya soki ingancinsa da yawan aron da yake yi daga fina-finan Indiya, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare shi a matsayin adabin zamani da ya farfaɗo da karatun Hausa, kuma an shafe shekaru ana wannan muhawara a shafukan jaridu cikin shekarun 1990. Hukuma ma ta sa baki, domin an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin ɓata tarbiyya. Abin lura a nan shi ne, a duk wannan taƙaddama an yi magana a kan mai karatu ƙwarai, a matsayin wanda ake ɓatawa ko wanda ake wayarwa, amma an ƙaranta tambayarsa abin da shi kansa yake gani a cikin littattafan.

Littafin soyayya da alkawarin adalci

Wanda bai karanta littattafan soyayya ba yakan ɗauka kalaman ƙauna ne kawai a cikinsu, alhali abin da ya fi yawa shi ne auren dole, da kishi, da uwar miji, da saki, da rabuwar talaka da 'yar masu kuɗi, da halin marainiya a hannun dangi. Mai karatu, wadda a wannan rukuni galibi mace ce, tana bin labarin ne da idon mai shari'a, tana ƙirga wanda ya yi zalunci da wanda ya yi haƙuri, tana jiran ta ga an biya kowa daidai da aikinsa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karɓu ne saboda ya tsaya a kan wannan tambaya, ko dukiya tana da ikon raba Sumayya da Muhammad, kuma Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya ba yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho damar komawa ga ilimi ta tsaya da ƙafarta.

Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba ta fitar a 1990 kuma aka buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya a 2012, ya isa misali a kan yadda ma'aunin nan yake aiki. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta, sannan dukiyar Alhaji ta salwanta, amaryar da ya fifita ta juya masa baya. Har zuwa nan alkawarin adalci ya cika. Sai dai a ƙarshe an matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, kuma a nan marubuciyar ta bar mai karatu da tambaya mai nauyi, ko wannan komawa sakamakon haƙuri ne ko kuwa sabon zalunci ne da al'umma ta ɗora mata. Littafin da ya bar irin wannan tambaya ya girmama hankalin mai karatu, shi ya sa ake ci gaba da karanta shi bayan shekaru fiye da talatin.

Ƙorafin da masu karatu suke yi a kan littattafan soyayya na baya-bayan nan ma daga wannan ma'auni yake fitowa. Ana kukan cewa taurari, wato manyan mutanen da labari ya ginu a kansu, sun zama iri ɗaya: saurayi matashi, miskili, mai kamfanoni da jirgin sama tun bai kai shekara talatin ba, da budurwa fara mai dogon gashi 'yar gidan talakawa, wadda za ta sha wuya a hannunsa har ya gane yana sonta. Ana kukan shafuka masu yawa da ake ɓatawa wajen lissafa kayan lefe da girke-girke da tafiya Dubai, da cusa Ingilishi a bakin kowa don nuna wayewa, da kuma batsa, wato bayyana sirrin shimfiɗa filla-filla, wadda wasu marubuta suka mayar hanyar jawo ciniki. Suka mafi nauyi kuwa ita ce wadda ake yi wa labarin da namiji zai daki mace ko ya keta mata haddi, sannan a yafe masa a shafi guda don kawai kyakkyawa ne mai dukiya. Mai karatun da ta ce ba a yi wa tauraruwa adalci ba a irin wannan labari ta gano aibi na gaske a ginin labarin, domin an warware rikici ba tare da an biya bashin da aka ci ba.

Littafin almara da alkawarin duniya mai doka

Almara a nan ita ce labarin da aka gina a wata duniya da ba ta bin ƙa'idar wannan, inda ake samun sadaukai masu ƙarfin mutum dubu, da bokaye masu madubin tsafi, da takubban sihiri, da aljanu masu ɗaukar mutum su keta gajimare da shi. Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana cikin sunayen da suka fi shahara a wannan fage, kuma samari ne suka fi rungumarsa, ko da yake mata ma suna karantawa. Mai kallo daga nesa yakan zaci komai halal ne a irin wannan labari tunda duk ƙirƙira ce, amma masu karatunsa sun fi kowa tsanani wajen bin doka. Idan marubuci ya faɗa a littafi na ɗaya cewa takobi ba ya cin wani sadauki sai a tafin ƙafarsa, sannan a littafi na uku aka sare shi a wuya, mai karatu zai kama shi nan take, domin wanda ya kafa doka da bakinsa shi ne ya fi cancanta ya kiyaye ta.

Daga nan ne manyan ƙorafe-ƙorafen rukunin suke tasowa. Tsafin da ba shi da iyaka yana kashe ɗokin labari, tunda duk tarkon da aka shiga akwai wata laya da za ta ɓullo ba zato ta warware shi. Jarumin da ba ya jin rauni ba ya sa zuciya ta buga, kuma bayanin yaƙin da ake maimaitawa da kalmomi iri ɗaya, ana sara da suka, ƙura ta turnuƙe, kawuna na shawagi, yakan sa mai karatu ya riƙa tsallake shafi. Akwai kuma yadda da yawa daga cikin labaran suke ƙarewa, inda jarumi mai imani zai rushe tsafin matsafa da ambaton Allah. Masu karatu suna son wannan ƙarshe domin ya dace da aƙidarsu, amma suna bambance marubucin da ya sa jarumin ya sha gwaji har imaninsa ya tabbata da wanda ya ajiye addu'a a gefe sai da labari ya cije masa sannan ya jawo ta.

Wani abin da ya kamata a duba shi ne wurin da ake kai labaran. Yawancinsu a wasu birane ne masu sunayen Larabawa ko Farisawa a wani zamani mai nisa, alhali ƙasar Hausa tana da abin da zai ciyar da almara shekara da shekaru: Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, da Barbushe da Tsumburbura a Dala, da Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwowinta, da Kanta na Kabi da birnin Surame, da Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransawa a 1899, da birnin Jangare na iskokin bori. Tomi Adeyemi, 'yar asalin Nijeriya da ke Amurka, ta gina littafinta na 2018 a kan abubuwan bautar Yarabawa na gargajiya, kuma ya karɓu a duniya, abin da ke nuna cewa kayan gida ba ya rage wa almara kasuwa.

Labarin ban tsoro da iyakar imani

Labarin ban tsoro shi ne wanda aka tsara don ya tayar da tsigar jiki, kuma a Hausa kayan aikinsa su ne aljanu, da mayu masu kama kurwa, da fatalwa, da matsafa masu neman dukiya da jinin mutane, da gidan da aka daɗe ba a shiga ba, da maƙabarta da tsakar dare. Nazir Adam Salih yana cikin marubutan da aka sani da labaran al'ajabi masu wannan ɗanɗano. Bambancin wannan rukuni a Hausa da takwaransa na Turai babba ne. Baturen da ke karanta Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, ya san babu gawar da ke tashi ta sha jini, don haka tsoronsa na wasa ne da yake ajiyewa tare da littafin. Bahaushe Musulmi kuwa ya yi imani da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani, ya kuma yarda akwai sihiri, saboda haka abin da yake karantawa yana iya bin sa har makwanci.

Wannan kusanci shi ne ƙarfin rukunin, shi ne kuma ya sa mai karatu yake auna shi da ma'auni biyu a lokaci guda. Na farko ma'aunin fasaha ne: marubucin da ya fito da dodonsa tun shafi na biyu, ya siffanta shi da ido goma da haƙora kamar takubba, ya zubar da tsoron da wuri, amma wanda ya fara da ƙofar da ake kullewa da dare a tarar da ita a buɗe da asuba, ko muryar uwa da ke kiran ɗiyarta daga bayan gida alhali uwar tana kwance a ɗaki, ya san cewa abin da ba a gani ba ya fi firgitarwa. Na biyu ma'aunin aƙida ne: mai karatu ba ya yarda a ba aljani sanin gaibu, ko a nuna mamaci ya dawo duniya da kansa, ko a bar boka ya yi nasara ta ƙarshe, shi ya sa marubuta sukan bayyana fatalwa a matsayin aljanin da ya ɗauki siffar mamaci, su kuma sa ruƙiyya, wato karanta ayoyi da addu'o'i a kan wanda aka shafa, ta zama makamin kuɓuta.

Akwai nauyi na musamman a wuyan marubucin wannan rukuni, wanda masu karatu masu lura sukan ambata. Zargin maita yana jawo wa mutane na gaske duka da kora daga gari, galibi tsofaffin mata marasa gata, kuma masu farfaɗiya da masu taɓin hankali sukan rasa maganin asibiti saboda an ɗora ciwonsu a kan iska. Labarin da kullum yake mayar da tsohuwa matalauciya mayya, ko yake nuna kowace faɗuwa aikin aljani ce, yana ƙara wa wannan zalunci ƙarfi ko da marubucinsa nishaɗi kawai ya nufa.

Zamanin waya

A shekarun baya-bayan nan yawancin sababbin labarai sun bar takarda sun koma waya, ana sakin su a Facebook da WhatsApp da Telegram da Wattpad, ana kuma karanta su da murya a gidajen rediyo da YouTube, abin da ya kai su kunnen wanda bai iya karatun boko ba, da Hausawan Nijar da suka yi karatu da Faransanci, da mazauna zango-zango a Gana da Kamaru. Tsarin da aka fi bi sananne ne. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda ba a iya haƙura sai ta tsaya ta sanar da farashi, mai so ta tura kuɗi ta banki ko katin waya, ta aika shaidar biya, a sa ta a zauren waɗanda suka biya. Bayan sallar isha sabon shafi yakan sauka, kafin a kwanta sharhi ya cika zauren: wata ta yi Allah ya isa ga uwar miji, wata ta roƙi kada a kashe wane, masu karatu su rabu gida biyu a kan wanda ya dace tauraruwa ta aura, marubuciyar kuma ta yi gargaɗin cewa in sharhi ya yi ƙaranci za ta dakatar da rubutu, ta kuma ja kunnen masu fitar mata da littafi waje ba da izininta ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai mai karatu ya sami wannan iko ba. Dandalin Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma Amazon ya saya a 2013, ya ginu ne kacokan a kan ra'ayin masu karatu, kuma gajerun bidiyon masu karatu a TikTok sun taimaka wajen ɗaga littattafan da suka gauraya soyayya da almara, irin su Fourth Wing na Rebecca Yarros da ya fito a 2023. Irin wannan gauraye ya daɗe a Hausa, inda labarin aljanin da ya kamu da son 'yar Adam yake tara rukunonin uku a littafi guda. Bambancin shi ne, a can ana yanke hukunci bayan littafi ya kammala ya bi ta hannun edita, a nan kuwa ana yanke shi labari yana tsakiyar tafiya.

Marubucin da ke rubutu a wannan hali kamar mai gini ne a bakin hanya, kowa ya zo wucewa sai ya faɗi inda ya kamata a sa taga. Amfanin haka a fili yake, domin marubuci yana jin inda labarinsa ya yi sanyi tun da wuri, kuma mata da yawa da ba su da hanyar zuwa maɗaba'a sun sami masu karatu da abin sana'a daga cikin ɗakunansu. Illarsa ma a fili take: ana jan labari ya yi tsawon da bai kamata ba don kada zaure ya watse, ana sauya ƙarshen da aka tsara don gudun fushin masu rinjaye, ana kuma sakin rubutu ba tare da bita ba, har ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalmomi da sa haruffa masu lanƙwasa, suka zama abin da ba a damu da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don gajerun labaran mata ta nuna cewa idan aka sa iyakar kalmomi da alƙalai, marubuta mata suna fito da aiki mai tsafta da nauyi.

Kammalawa

Hukuncin mai karatu yana da rauninsa, kuma gaskiya ta wajabta a faɗe shi. Sau da yawa yakan tsaya a kan cewa labari ya yi daɗi ko bai yi ba, ba tare da dalili ba. Yakan rikita halin tauraro da halin marubuci, har a zagi marubuciya don ta ƙirƙiro muguwar kishiya. Yakan kuma nemi a maimaita masa abin da ya saba, ya guji sabon salo. Duk da haka, shi ne hukuncin da ya raya rubutun Hausa tun daga shekarun 1980 zuwa yau, a lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, kuma kamar yadda aka gani a rukunonin uku, yana tsaye ne a kan tambayoyi masu tushe: ko an yi adalci, ko an kiyaye doka, ko an tsaya a iyakar imani.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Masu nazari a jami'o'i da kwalejoji su ɗauki sharhin masu karatu a matsayin abin bincike, su tattara shi tun bai ɓace tare da zaurukan da ake rufewa ba. Marubuta su saurari masu karatu a kan inda aka saɓa alkawari, amma su riƙe ragamar labarinsu, su kammala shi su ba wani ya duba kafin su sake shi. Mai karatu kuma, wanda kuɗinsa da lokacinsa ne suke ɗauke da wannan adabi, ya riƙa haɗa hukuncinsa da dalili, ya faɗi shafin da labari ya karkace da abin da ya karkatar da shi, ya biya kuɗin littafin da ya karanta, ya kuma daina saye da yaɗa wanda ya san bai dace ya shiga hannun ƙanwarsa ko ɗiyarsa ba.